Kwaɗon Da Muka Sa Wa Ɗakin Kakata



Ranar da kakata ta ɓata, sai bayan la'asar aka farga ba ta gida. Ashe tun hantsi ta fita, wai za ta kai wa mijinta abinci gona, alhali ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa, gonar ma tuni an yanka ta filaye. Muka bazu, wasu masallatai cigiya, wasu ofishin 'yan sanda. Wani mai shayi ne ya riƙe ta a bakin tasha har dare, Allah Ya saka masa da alheri. Washegari aka sa wa ɗakinta kwaɗo. Wallahi har yau ina jin bugun ƙofar nan a kunnena.

Matar baffana ce ta yi jinyarta shekara uku: wanka, wanki, kwasar kashi da fitsari, ga rashin barci. Har tuyar ƙosanta ta ajiye. Mu maza namu gaisuwa ce da safe da ɗan kuɗin magani. Duk da haka, in aka ambaci gidan kula da tsofaffi, mu ne kan gaba wajen cewa "mu ba Turawa ba ne, ba ma zubar da iyaye." Na yarda, kula da iyaye wajibi ne a kanmu. Amma jama'a, a faɗi gaskiya: tsohuwar da ke kulle a ɗaki tana bugun ƙofa, kulawa ake yi mata ko tsarewa?

Abin da ya sami kakata gigin tsufa ne, kuma ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Mu kuwa a unguwanni sai a ce aljanu ne, ko sammu, wata ma a kira ta mayya yara su bi ta da jifa.

Da an ce gidan tsofaffi, hankalinmu gidan gajiyayyu yake tafiya, irin na Shahuci a Kano, inda ake ajiye wanda ba shi da kowa. Wanda nake nufi aikinsa uku ne. Na farko jinya: tsohon da ya kwanta ana juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a baya, a duba hawan jini da suga, a ba shi magani kan lokaci. Na biyu sashen masu gigin tsufa: tsakar gida mai katanga da za su zagaya ba tare da sun ɓata ba, da ma'aikatan da suka san yadda ake lallashi. Na uku gashi da motsa jiki ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙugunsa ya karye. Masu shanyewar ɓarin jiki sun fi samun sauƙi a watanni uku zuwa shida na farko, mu kuma a daidai lokacin ne muke kwantar da su a ɗaki muna jiran ikon Allah.

Kuma ba dole sai tsoho ya tare can ba. Wani sati shida zai yi ya dawo da ƙafarsa. Wata a kai ta da safe a ɗauko ta da yamma, mai jinyarta ta samu ta yi sana'a ta kuma runtsa.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, a 2021 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. To mu me muke jira?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema a rubuce daga duk mai son ƙuri'armu, namu ne ko na wasu. A ware sashen tsofaffi da na gashi a babban asibiti ɗaya aƙalla a kowace shiyyar sanata. Makarantun koyon jinya da na kiwon lafiya su horar da matasanmu wannan aiki, mata su kula da mata, maza su kula da maza. Ga aikin yi nan ga masu difloma irina da ke zaman majalisa. Duk ɗan kasuwar da zai buɗe irin wannan gida sai da lasisi, a riƙa kai masa ziyarar ba-zata, domin mai gigin tsufa ba ya iya kai ƙara in an zalunce shi. Sannan ƙofa ta kasance a buɗe ga 'ya'ya da jikoki kullum.

'Yan uwa matasa, ranar zaɓe mu ne ke ɗauko tsofaffin nan a Keke Napep mu kai su rumfa su dangwala. Bayan nan wa ke komawa ya duba su? Kakata ta rasu a bayan ƙofar nan, matar baffana kuwa har yau bayanta bai daina ciwo ba. In Allah Ya ba mu tsawon rai, mu ma layin nan za mu bi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage.