SANYIN HUNTURU BA HUJJA BA CE

Duk shekarar da hunturu ya yi ƙarfi har hazonsa ya lulluɓe Ikko da Badun da Fatakwal, sai wata tsohuwar magana ta farfaɗo a zangunan 'yan Arewa. Daga Agege har Sabo za a ji masu bakin magana a teburin mai shayi, sun ƙudundune cikin bargo, suna tambaya wai ina ɗumamar duniyar da ake ta kururuwa a kai? Abin takaici kuwa shi ne ba talaka kaɗai ke wannan shirme ba. A watan Fabrairun 1915 da ɗari, watau 2015, wani sanata na Amurka mai suna James Inhofe ya shiga zauren majalisa riƙe da curin ƙanƙara, wai shi ke nan ya kashe bakin masana. Alhali kuwa shekarar da ta gabata, 2014, ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, kana 2015 ɗin ta zo ta shafe ta.

To, duk ɗan kasuwar Mile 12 ya san amsar wannan magana. In motocin tumatir suka yi yawa ran Talata, kwando ya faɗi warwas, babu mai hankalin da zai ce tsadar rayuwa ta ƙare a Nijeriya. Farashin yini ɗaya daban, tafiyar farashi ta shekara ashirin daban. Haka sanyin mako guda a gari guda yake in an gwada shi da zafin duniya baki ɗaya. Hunturu iska ce busasshiya da ke kaɗowa daga Sahara, ɗauke da ƙurar ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar tana tare rana, rashin laima kuma yana barin zafin ƙasa ya fice da dare. Wannan ba ya faɗin kome game da tekunan duniya ko sauran nahiyoyi. A Fabrairun 2021 sanyi ya kashe mutum fiye da 200 a jihar Texas, amma a Yunin shekarar aka auna digiri 49.6 a ƙauyen Lytton na Kanada.

Gaskiya kuma ba ta da ɓangare. Kamar yadda dare mai sanyi ba ya ƙaryata ɗumamar duniya, haka rana ɗaya mai ƙuna ba ta isa ta tabbatar da ita ba. Hujja tana cikin awon da dubban tashoshi da jiragen ruwa suka tara tun ƙarni na 19. Awon nan ya nuna shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 sun fi duk waɗanda suka gabace su zafi, kuma 2024 ta ɗara zamanin da ba a cika duniya da masana'antu ba da wajen digiri ɗaya da rabi. Iskar kabon da ke riƙe zafi ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420, saboda ƙona kwal da fetur da gas da sare dazuzzuka.

Sai masu gardama su koma kan lissafin kwamfuta, su ce wanda ya kasa faɗin ko za a yi ruwa ran Juma'a, ta yaya zai san abin da zai faru nan da shekara hamsin? Manomi ma bai san ruwan Juma'a ba, amma ya san Agusta ta fi Janairu ruwa, kuma a kan wannan sanin yake zuba irinsa. Tun 1967 Syukuro Manabe da abokin aikinsa suka lissafa cewa ƙaruwar kabon za ta ɗumama iskar da ke kusa da ƙasa, ta sanyaya ta can ƙololuwar sama. Daga baya awo ya gaskata su, aka ba Manabe lambar Nobel a 2021. A 2019 kuma aka binciki hasashe 17 da aka yi tun daga 1970, aka tarar akasarinsu sun dace da abin da ya auku.

Lalle lissafin yana da rauni. Har yanzu bai haɗu a kan yadda damina za ta kasance a yankin Sahel ba, wani ya nuna ƙarin ruwa, wani ya nuna ragi. Amma wannan dalilin shiri ne, ba na barci ba. Mutanen da farin 1973 da na 1984 ya koro iyayensu da yawa zuwa kurmi ba su ne ya kamata a yi wa wasa da hankali ba. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, a cikin watan azumi.

Saboda haka duk mai aika kuɗin taki da iri gida, ya bar auna duniya da bargonsa. Ya nemi iri mai saurin nuna, ya sa a dasa itatuwa a gona, ya saurari hasashen damina na hukumar yanayi, kuma ya tambayi mai neman ƙuri'arsa abin da ya tanada wa manoma da makiyaya. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.