Da tsohuwar zuma ake magani: kada mu yi gaggawar zubar da kwamfutocin makarantunmu

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar kyauta da ya saba, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020 da Windows XP a Afrilun 2014. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba ta hawa kan yawancin tsofaffin injuna. Mutum zai ce me ya haɗa wannan labari da Sukukutane ko Matankari ko Dankasari? Abin da ya haɗa su shi ne kwamfutar da ke ofishin darakta, wadda a cikinta sunayen ƴaƴanmu da makinsu da jerin masu zana jarrabawar BEPC suke. Yawancin irin waɗannan injuna kwance ne, ko kyautar wani shiri da ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Da zarar ta fara nauyi, shawarar da ake kawo wa kwamitin makaranta guda ce: a yi karo-karo a sayo sabuwa.

Ni ra'ayina, a mafi yawan lokuta wannan shawara ɓarnar kuɗin iyaye ce. Kafin a kai ga saye, akwai gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: ina kuɗin yake tafiya? Farashin saye sau ɗaya ake biyansa. Abin da ke cin aljihu shi ne riƙon injin: wuta, tawadar na'urar buga takarda, ladan mai gyara, kuɗin mota zuwa Dogon Dutsi da dawowa, da kwanakin da aiki ke tsayawa. Batun wuta ma kaɗai ya isa. Kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa, ba a kuma maido ta ba sai a Maris 2024. Makarantar ƙauye kuwa dama janareta ko farantin hasken rana ne madogararta. A ƙaddara babbar kwamfutar tebur da allonta suna shan wat 150, ƙaramar ta hannu kuma wat 40. A aikin awa biyar, ta farko ta sha kusan ninki huɗu na ta biyu. Don haka makarantar da ke da injuna iri biyu, aikin yau da kullum ya koma kan ƙaramar, a rage man janareta tun kafin a kashe ko dala.

Sai batun nauyi. Sau da yawa ba tsufa ne ke sa kwamfuta jan ƙafa ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, injin ya yi zafi, shi da kansa ya rage gudu don kada ya ƙone. Manhajojin da ba a amfani da su suna tashi tare da injin suna cinye ƙarfinsa. Ƙwayoyin cuta suna shigowa ta makullin USB da ke yawo hannu zuwa hannu. Maganin waɗannan bai wuce sharar ƙura, da cire tarkace, da hana kowa soka makullinsa ba. Idan akwai ɗan abin kashewa, a canja tsohon faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ake kira SSD, a ƙara ƙwaƙwalwar aiki ta RAM. Waɗannan biyun sukan maido da injin ɗan shekara goma cikin hayyacinsa, a kan kuɗin da bai kama ƙafar farashin sabo ba.

To, manhajar da aka daina kula da ita fa? Nan ne haɗarin gaske yake, kada mu raina shi. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta afka wa kwamfutocin da ba a toshe ƙofofinsu ba, har asibitocin gwamnatin Ingila suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Amma rufe wannan ƙofa ba sai da sabon inji ba. Akwai tsarin Linux, wanda kyauta ne, yana da nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da aka yi domin injuna masu ƙaramin ƙarfi. Akwai LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel ba tare da biyan lasisi ba. Jandarmomin Faransa sun fara wannan tafiya da manhajar ofis ta kyauta a 2005, suka shiga komawa Ubuntu daga 2008, a kan dubban injuna. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana tafiyar da kwamfutocin makarantun gwamnatinta a kan Linux.

Masu ja da wannan magana suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa malamin da ya saba da Windows zai ruɗe, mai gyaran da ke kusa ma wataƙila bai san Linux ba. Gaskiya ne. Birnin Munich na Jamus ya yi shekaru a kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Darasin da ke ciki shi ne, manhaja ba ta zama sai an horar da masu riƙe ta. Saboda haka a gwada da inji guda, malamai biyu su koya, a ga yadda zangon karatu ɗaya zai kaya. Idan kuma akwai wata tsohuwar manhaja ta lissafin maki da ba ta aiki sai a kan tsohon Windows, a bar mata injinta, amma a raba shi da intanet kwata-kwata.

Gaggawar sauya komai a dare ɗaya ita ce ta fi kowace ɓarna. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan masu ajiyarsa zuwa sabon tsari a cikin ƴan kwanaki. Mutane suka yi makonni suna fama da shiga asusunsu, bankin ya yi asarar fam miliyan 330, shugabansa ya sauka. Idan banki mai ɗimbin injiniyoyi ya yi tuntuɓe haka, makarantar da ke da darakta ɗaya da sakatare ɗaya ta bi a sannu.

Dukiyar da ke cikin wannan al'amari ita ce bayanan yara. Inji ƙarfe ne, in ya mutu a samu wani. Amma in faifai ya lalace da makin shekara uku a ciki, yaron da ke neman takardar shaidar karatunsa don ya canja makaranta shi zai sha wahala. Kowane wata a kwafi bayanan a wuri biyu, ɗaya ya kwana a wajen ofis. A ƙarshen kowane zango a buga jerin maki a takarda, darakta ya sa hannu. Kuma tunda dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, a duba tsofaffin darussan Hausa da aka rubuta da wasu haruffa na musamman na da. In an buɗe su a wani inji, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sukan rikiɗe su zama wasu alamomi. A maida su kan tsarin Unicode tun masu iya karanta su suna nan.

Injin da ya gaza aikin ofis ma bai zama shara ba. Manhajar Kiwix tana ɗaukar Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Tsohuwar kwamfuta guda a kusurwar aji ta zama ɗakin karatu ga yaran da ba su taɓa ganin ɗakin karatu ba.

Iyaye, ku ke da kujera a kwamitin CGDES da ƙungiyar iyayen yara. In an kawo maganar sayen sabuwar kwamfuta, ku yi tambaya huɗu: Me ya sami tsohuwar? Wa ya duba ta? Nawa ne gyara, nawa ne saye? Ina kwafin bayanan ƴaƴanmu? Malamai kuma, a buɗe littafi a riƙa rubuta duk jikar da aka kashe wa injin a shekara, daga mai har tawada. In lissafi ya nuna gyaran ya fi saye tsada, ko uwar allon injin ta ƙone, a saya, babu laifi. In bai nuna ba, kuɗin nan ya tafi ga benci da alli da rufin ajin zana kafin damina.