Idon Baba lafiya lau, amma shayi na zuba ƙasa

Yau maganarmu a kan dattawanmu take.

A shekarar 1981 kamfanin SONICHAR ya fara ba da lantarki da gawayin Anu Araren. Samarin da suka kama aiki a lokacin, da waɗanda suka tafi haƙar uraniyom a Arlit da Akokan, yau sun haura shekara sittin. Wasu sun dawo gida bayan an rufe COMINAK a 2021. A gidajen irin waɗannan dattawa muke ganin abin da za mu faɗa.

Dattijo ya ɗaga buta zai zuba shayi, sai ya zuba a gefen kofi. An miƙa masa hannu, nasa hannun ya wuce. A ƙofar masallaci takalminsa yana gabansa cikin sauran takalma, shi kuwa yana ta lalube. In ya zo bakin inuwa sai ya ɗaga ƙafa, yana tsammani rami ne. Amma wani lokaci sai ya hango ƙwayar shinkafa guda a kan tabarma. Nan iyali suke cewa da gangan yake yi. Wasu su ce sammu ne. Wasu su sayo masa tabarau a kasuwa, ba ya ƙara komai.

Mu a ganinmu, zargin nan zalunci ne. Ido yana ɗauko hoto ne kawai. Ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, ita ce ke faɗa wa mutum mene ne wannan, ina yake, kuma nisansa nawa. Mutanen Anu Araren sun san misalin: ƙwan lantarki yana iya zama sabo ful, amma in tasha ta sami matsala, ɗaki ba ya haske.

Wannan yana iya zama farkon gigin tsufa. Mun saba cewa gigin tsufa mantuwa ce. Ba kullum da mantuwa yake farawa ba. Ciwon da ya fi kawo shi ana kiransa Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Akwai nau'insa da ke fara taɓa gani, sau da yawa tsakanin shekara 50 da 65, alhali mutum yana tuna sunan kowa, yana hira daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu da masu matsakaicin ƙarfi.

A fara da duba ido. Yanar ido tana da yawa ga tsofaffi, kuma ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki. In likita ya ce ido lafiya, amma abin yana ci gaba, kada a koma gida a zauna. A faɗa masa abin da aka gani ɗaya bayan ɗaya: shayin, takalmin, inuwar. A roƙi a auna hawan jini da ciwon suga, domin su ma suna lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In ya tura ku babban asibitin Agadas, ku je. In kuwa abin ya zo farat ɗaya, da karkacewar baki ko mutuwar hannu, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. A tafi a ranar.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da Alzheimer. Wanda ya ce a sayar da akuya zai warkar da shi, kuɗinku yake so. Amma gida yana da abin yi. A ba dattijo tuwo a kwano mai launi dabam da na abincin. A ƙara haske a hanyar bayan gida. A bar kayansa wuri ɗaya, kada a riƙa canja musu mazauni. Garwashin shayi ya koma hannun wani. Mai garka kada ya je bakin rijiya shi kaɗai. A ba shi aikin da zai yi a zaune, kamar ware albasa.

Abu mafi wuya shi ne babur da mota. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota a kan hanyar Arlit ba zai so ɗan cikinsa ya karɓe masa makulli ba, kuma muna ba shi gaskiya. Amma wanda bai iya auna nisan kofi ba, ba zai auna nisan yaro a kan hanya ba. Kada ɗa ya yi wannan magana a gaban jama'a. A nemo abokinsa na aiki, ko liman, ko likitan da ya duba shi, su zauna da shi su kaɗai. Kafin zaman kuma, a riga an tsayar da jikan da zai riƙa kai shi kasuwa da masallacin Juma'a.