WUTA UKU A SHAGO GUDA: WA KE GWADA WAYOYIN KASUWANNINMU?

Duk wanda ke cin kasuwa tsakanin Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Gaya da Kamba, in ya ɗaga kai ya dubi saman rumfuna zai ga abin da babu shi shekaru goma da suka wuce: farantan sola jere bisa kwano, wayoyi sun sarƙe da juna kamar saƙar gizo, ga ƙaramin inji na kuka bayan shago. Yau ɗan kasuwa guda yana iya shan wuta daga wuri uku, ta kamfani, ta inji da ta rana, kuma dukansu suna bi ta cikin tsohuwar wayar da aka ja tun lokacin da ƙwan fitila ɗaya da fanka ɗaya ne kawai a shagon.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka, ta da inji daga safe zuwa dare ya zama sai mai hali. Ba a yi wata uku ba, bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar a farkon watan Agusta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita bayan ɗage takunkumin. A cikin waɗannan watanni ne jama'a suka ruga sayen faranti da batir da inbata, kowa ya nemi yaron da ya iya riƙe filaya ya haɗa masa. An buɗe tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a ƙarshen 2023, amma wannan ta yankin Yamai ce, ba ta kashe ƙishirwar ɗan kasuwar bakin iyaka ba. Wuta ta dawo, ba wanda ya kwance abin da ya haɗa. An dai ɗora sabo bisa tsoho.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne tarihin gobara a kasuwannin wannan yanki. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta sake kamawa a 2009, ƙaramar kasuwa ta bi sahu a 2012. A Kano, gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta cinye shaguna fiye da 3,000 a dare guda. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a watan Janairu na 2021, ta Katsina a watan Maris na wannan shekara, kasuwar Monday ta Maiduguri a watan Fabrairu na 2023. Mai karatu ya dubi watannin nan da kyau: Janairu, Fabrairu, Maris, lokacin da iska ta bushe, katako ya bushe, atamfa da leda na jiran tartsatsi guda. Kusan duk lokacin da aka yi, wutar lantarki ake fara zargi, a kafa kwamiti, manya su zo jaje, a yi alkawarin gudummawa. Mun yarda ƙaddara ta riga fata, amma ba mu taɓa jin an ce ƙaddara ta hana mutum duba wayar shagonsa ba. Kuma ɗan kasuwarmu, wanda galibi ba shi da inshora, kayansa rabi na bashi ne daga Kwari ko Singa, kuɗin cinikin mako na cikin akwati ƙarƙashin tebur, in ya ƙone ya ƙone ke nan.

To mene ne ke sa waya ta kama wuta? Masu aikin sun ce abu ne mai sauƙin fahimta. Kowace waya na da iyakar nauyin da take ɗauka gwargwadon kaurinta. Wadda ake kira 1.5 ta fitilu ce, ana tsare ta da bireka, wato disjonktar, da bai wuce amfiya 16 ba. Ta 2.5 ita ce ta soket, da bireka mai amfiya 20. Abin da mutane ba su lura da shi ba, zafin da waya ke yi ba ya tafiya daidai da nauyin da aka ɗora mata: in ka ninka wutar da ke bi ta cikinta sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa shagon da ya shekara biyar lafiya, ranar da aka ƙara firiza ta biyu da hitar dafa ruwan shayi a soket guda, sai roba ta fara narkewa. Aikin bireka ko fis shi ne ya yanke kafin a kai nan. Amma mu nan in fis ya tsinke sau biyu sai a ce ya cika fitina, a naɗa masa waya mai kauri. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne don ya cika ihu.

Akwai wani kuskure da ya zo tare da sola, kuma mun ga ya yaɗu ƙwarai. Mutane na ganin tunda wutar batir bolt 12 ce, ba ta jan mutum, to kowace siririyar waya ta isa. Akasin haka ne. Kayan da ke cin wat 600, a wutar kamfani mai bolt 230 amfiya uku ma ba su cika ja ba, amma daga batir mai bolt 12 amfiya 50 suke ja. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ita ce ta fi kowace bukatar kauri a shagon, kuma dole a sa mata fis dab da kan batir. Sau nawa muka ga an murɗa waya da hannu a kan batir, an ɗaure da leda, an tura shi ƙarƙashin dilar kaya inda iska ba ta shiga? Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa in ana cajinsa. Ga kuma masu haɗa inji da layin kamfani ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda in an kawo wuta ana cikin haka inji ya tashi aiki, in kuma ba a kawo ba wutar injin ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ke bisa falwaya.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ba kowa zai so ji ba, domin da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke sayar da wayar. Kasuwanninmu cike suke da waya iri biyu a kwali iri guda. Akwai ta jan ƙarfe tsantsa, akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, har da wadda baƙin ƙarfe ne aka rina. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, kuma a wurin ɗauri yana saki da kansa a hankali, ya yi tsatsar da ba a gani, wurin ya dinga zafi. Mai saye ya ga rahusa ya ɗauka, mai aiki ya ga rarar da zai ci ya yi shiru, mai shago ya ce shi ma haka aka ba shi daga sama. Araha dai ba ta ado. Mai sayar da irin wannan waya ya tuna cewa rumfar da za a ja ta tana iya zama jikin tasa.

Gane ta kuwa ba ya bukatar boko. A kankare silin wayar da reza, in fari ya bayyana a ciki alminiyam ce. A kanga mata ashana ko laita: jan ƙarfe zai yi ja ya yi baƙi amma yana nan tsaye, silin alminiyam kuwa lanƙwashewa yake ya zube, don shi yana narkewa a zafin digiri 660, jan ƙarfe sai ya haura 1,000. In mayen ƙarfe ya kama ta, baƙin ƙarfe ne. Sai kuma sikeli, wanda ba ɗan kasuwar da bai da shi: mita 100 na wayar 2.5 ta gaskiya, jan ƙarfen da ke ciki kaɗai ya haura kilo biyu, alminiyam kuwa bai kai sulusin wannan nauyi ba. Wanda ke da na'urar gwaji, wadda masu gyara ke kira maltimita, yana iya auna bakin nan biyu na naɗin: mita 100 na 2.5 ya kamata ya nuna wajen om 0.7, in ya nuna 1.2 to kuɗin 2.5 ka biya aka ba ka ƙarfin 1.5. Sai dai a fara haɗa bakunan na'urar da juna a cire abin da suka nuna, kuma a haɗa da awon sikeli, don naɗin da aka rage wa tsawo yana iya ɓoye laifinsa.

Gwajin shago shi ma akwai tsarinsa, kuma a nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo sukudireban nan mai ƙyalla haske kawai yake ɗauke da shi, in ya haska ya ce akwai wuta, in bai haska ba ya ce babu. Wannan abu yana yaudara, yakan haska a wayar da ba ta ɗauke da komai, yakan ƙi haskawa da rana tsaka ko in mutum na bisa benci. Gwani yakan fara gwada na'urarsa a inda ya tabbata akwai wuta, sannan ya auna. Tsakanin waya mai wuta da ta dawowa, wato nutural, ya kamata a ga bolt 220 zuwa 230 a duk ɓangarorin iyaka. In aka ga wani layin shaguna fitilunsu sun dushe, na kusa da su kuma sun yi haske fiye da kima, wannan alama ce nutural ya saki a wani wuri, kuma wuta na iya haurawa har kusan bolt 400. Irin ta ce ke ƙone firji da talabijin na layi guda cikin minti ɗaya, a ce an kawo wuta mai ƙarfi. A irin wannan hali a kashe babban makunni nan take, ba a jira.

In bireka na yawan faɗuwa, ba a canja shi da babba. A kashe komai, a cire duk abin da ke soket, a dinga maidowa ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ke kayar da shi. In an cire komai kuma mita na ci gaba da tafiya, ko dai wuta na zuba a wani wuri ko maƙwabci na sha. Akwai na'ura mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ta faɗi amfiya nawa ke wucewa ba tare da an yanke komai ba. Akwai kuma wadda ke tura bolt 500 cikin layin da aka kashe don ta gwada ko robar waya ta mutu, ƙa'ida ita ce kada awon ya gaza megom ɗaya. Wannan gwaji shi ne ke tona wayar da ɓera ya ci cikin silin, ko wadda kwano ya yanka, amma a faɗi gaskiya, cikin masu ja mana wuta a kasuwa ƙalilan ne suka taɓa riƙe ta. Shi kuwa mai shago, hancinsa da tafin hannunsa sun ishe shi rabin aiki: soket da ya yi baƙi, filogi mai zafi, warin roba, fitila mai ƙifta ido, ƙofar ƙarfe ko firiza mai ɗan jan mutum. Wannan na ƙarshe yana nufin babu wayar ƙasa. Akwai bireka na musamman, wanda masu Faransanci ke kira diferansiyel, da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zuba, kuma shi ke tsakanin yaron shago da mutuwa ranar da ƙasa ta jiƙe.

Wani abin da ya shafe mu mu na bakin iyaka kaɗai shi ne bambancin filogi. Nijeriya na bin tsarin Ingila mai ƙafa uku masu faɗi, Nijar na bin na Faransa mai ƙafa zagayayyu. Kaya na tsallakowa ta kowane ɓangare, sai a cusa wannan cikin wancan da tsinke, ko a yanke kan a zura tsirarar waya. Haɗin da bai kama da kyau ba tartsatsi yake a ɓoye, bireka kuma ba ya jinsa, domin ba nauyi ne ya yi yawa ba.

Wa ke da alhakin duba duk wannan? A Nijeriya akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da NEMSA da aka kafa da dokar 2015 don duba aikin wuta. A Nijar akwai hukumar ANMC. Amma kamfanin wuta, ko NIGELEC ne ko KEDCO, hankalinsa na kan mita da kuɗinsa. A ganinmu ma'aikatun magajin gari da ƙananan hukumomi, waɗanda ba su taɓa manta ranar karɓar kuɗin rumfa da patanti ba, ba su da hujjar cewa abin da ke bayan mita ba ruwansu. Duk da haka ba mu ga amfanin zama jiransu ba. Kowace kasuwa na da sarkinta da ƙungiyoyin layi-layi da ke tara kuɗin masu gadi da na shara. Cikin wannan asusu ana iya sayen na'urorin gwajin nan, a ɗauki ma'aikaci mai takardar shaida, ba ɗan wane ba, ya bi shago-shago sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba ko Nuwamba kafin hunturu ya kankama, ya rubuta abin da ya gani, wanda ya ƙi gyara a cire shi daga layi.

Za a ce masu firiza da masu cajin waya ba za su yarda a kashe musu wuta da dare ba, kuma suna da gaskiyarsu, ƙanƙara da kifi ba sa jiran safiya. To a ware musu layinsu daban da waya mai kauri da birekansu, sauran kasuwa kuwa kowane layi a yi masa babban makunni guda a waje, inda mai gadi zai kai hannu, a kashe bayan sallar Magariba. Sola ba ta bin wannan makunni, don haka duk mai batir a shago ya sa nasa abin yankewa kusa da ƙofa. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin kowane layi, a kuma gaya wa masu gadi da babbar murya cewa ba a watsa wa wutar lantarki ruwa sai an yanke ta. Sannan a buɗe hanyoyin da 'yan tebur suka toshe, domin an sha ganin motar 'yan kwana-kwana ta iso da ruwanta ta tsaya bakin ƙofar kasuwa ta rasa ta inda za ta shiga.