Kar a goge sunan tsohuwa daga littafin ƙungiya

 Yau kan littafin ƙungiya za mu yi magana, da sunayen da ake gogewa a cikinsa.

A wasu ƙungiyoyinmu na asusu, in mace ta yi sati uku ko huɗu ba ta kawo zubi ba, sai a ce doka ta hau kanta, a ƙirga mata abin da ta tara, a sallame ta. Ku duba da kyau su wa ake sallama. Yawanci tsofaffi ne: wadda ciwon ƙafa ya hana ta cin kasuwar Balleyara ranar Lahadi, ko wadda ɗanta ya tafi bida Abijan ko Libiya, aike ya yanke.

To, waɗannan iyayen namu ba jiya suka san ƙungiya ba. Bayan Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan ƙasarmu, ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da samariya gari-gari. Da yawansu suna ƴan mata a lokacin. Su ne masu ɗebo ruwa da dafa abinci ranar gayya, har aka gina azuzuwan lakwal. Samariya ta mutu, amma ƙawancen bai mutu ba. Ku lura ranar suna ko rasuwa a Filinge ko Bonkuku: wa ke fara shigowa da tabarma tun ba a aika ba? Wa ke kwana da mai takaba? Ƙawar samariya ce, ko da ita ma da sanda take tafiya. Wadda ba ta yi wannan cuɗanya da ƙuruciya ba, yanzu sai ta jira ƴaƴa, su kuwa ƴaƴa suna can nesa.

Har Turawa sun auna abin. A 2014 cibiyar Gallup ta Amurka ta tambayi mutum sama da 30,000 da suka gama jami'a. Waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ƴan uwantaka na ɗalibai, na maza ko na mata, sun fi saura cewa suna cikin walwala: wajen jin daɗin aiki, lafiyar jiki, rufin asiri da zama da jama'a. Sai dai shiga irin tasu ƙungiyar na cin kuɗi, saboda haka wasu da gatansu suka shiga tun farko. Mu kuwa nan, Mata Masu Dubara da CARE ta fara a Maraɗi a 1991 don marasa gata aka kafa ta. Ai kun ga bai kamata mu mai da ita ta masu ƙarfi kaɗai ba.

Mun san abin da ma'aji za ta ce, kuma tana da gaskiya: akwati ba ya cika da tausayi, in aka sassauta wa ɗaya, gobe goma za su zo da uzuri. Shi ya sa ba mu ce a yafe bashi ba. Wadda ta ci bashi ta biya. Amma kasa zubi daban, cin amana daban. Tsohuwar da ta kasa zubi a bar sunanta, ta zauna taro, a ji ta bakinta. Ranar rabo ta karɓi daidai abin da ta zuba. In ta kwanta ciwo, asusun taimako ya kai gare ta kamar kowa.

Kuma a ce mata ta taho da jikarta, musamman ƴan matan da suka bar lakwal suna zaune gida. Yarinya ta riƙa rubuta littafi, ta fara zubi ko da dala ashirin ne. Shugabanni, ku sa wannan magana a taron sati mai zuwa, kafin a buɗe akwati.