Namiji Ne Ko Tamata? Yadda Maharba Ke Auna Baƙin Beyar Da Ido

Masu karatu, a watan nan za mu ƙetare teku zuwa dazuzzukan Amurka da Kanada. Yawancinmu mun san sunan beyar ne daga labarin Dawuda sa'ad da yake kiwon tumakin ubansa, gama a Afirka duka ba a samun wannan dabba a jeji. Wanda za mu yi magana a kansa dabam ne da na ƙasar Dawuda. Ana ce da shi baƙin beyar, ko da yake ba dukansu ne baƙaƙe ba. Akwai masu ƙasa-ƙasa, har a lardin Birtish Kolumbiya akan sami farare.

Farautarsa halal ce a jihohi da larduna da yawa, muddin mutum ya yanki lasin. Amma a galibin wuraren nan doka ta hana a harbi tamata wadda take tare da 'ya'ya. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Takan haihu a cikin rami wajen watan Janairu ko Fabrairu, tana tsakiyar dogon barcinta na lokacin sanyi. Jaririn bai kai rabin kilo ba. Zai bi uwarsa wata 16 ko 17 kafin ya iya zaman kansa, saboda haka ba ta haihuwa sai shekara biyu biyu. In harsashi ya same ta a watan Mayu, 'ya'yan nan biyu ko uku yunwa ce za ta ƙarasa su. Kukan da mutane suka yi a kan marayun nan yana cikin abin da ya sa lardin Ontariyo ya soke farautar bazara a 1999. A 2014 aka maido da ita a waɗansu yankuna don gwaji, daga baya aka tabbatar da ita.

To, ga wahalar. Barewa ko gwanki, ƙaho yakan taimaki maharbi. Beyar ba shi da ƙaho, gashi kuma ya rufe shi ko'ina. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san ƙima, amma a nan ido yakan yi ƙarya. Tsofaffin maharban can suna yi wa sababbi ba'a, wai beyar yakan motse da ya faɗi ƙasa. Mutum ya rantse ƙato ya harba, ya iso ya tarar da ɗan shekara biyu wanda bai fi babban rago ba.

Abu na fari da gwanaye ke dubawa shi ne kunne. Kunnen beyar yakan daina girma da wuri, kai kuwa ya ci gaba da faɗi. Saboda haka in ka ga kunnuwa dogaye, a tsaye bisa tsakiyar kai, kusa da juna kamar na jaki, yaro ne. In kunnuwan sun zama 'yan gajeru, sun koma gefe da gefe, da fili mai faɗi tsakaninsu, wannan ya manyanta. Tsohon namiji har yakan yi wani kwari a tsakiyar goshi, inda naman muƙamuƙi ya tasa hagu da dama. Mun gwada wannan da 'yan aji shida, muka zana kawuna biyu a allo masu girma ɗaya, muka bambanta kunnuwan kaɗai. Ba wanda ya kuskure.

Sa'an nan a dubi ƙafafu da ciki. Ƙaramin beyar yakan yi kamar mai dogayen ƙafafu, ana hango haske sosai ta ƙarƙashinsa. Babba kuwa cikinsa ya sauko, ƙafafun sun yi kamar gajeru, yana tafe yana rangaji, dagi na lanƙwasa ciki, ba ya gaggawa, ba ya waige-waige. Ƙaramin shi ne mai ɗar-ɗar, ya ci kaɗan ya ɗaga kai, gama yana tsoron manya. Inda doka ta yarda a ajiye abinci don a jawo beyar, akan zuba shi cikin duro irin na mai, wanda tsayinsa ya kusa santimita 90. Duron nan shi ne ma'auni. Wanda yake tsaye da ƙafa huɗu gadon bayansa ya kusa bakin duro, ba ƙarami ba ne. Sawu ma yana magana. In faɗin tafin dagin gaba ya kai inci 5, wajen santimita 13 ke nan, mai shi babba ne, kuma galibi namiji.

Rarrabe namiji da tamata ya fi wuya, nan ne kuwa alhaki yake. Nauyin namiji a gaba yake: wuya kakkaura, kafaɗu masu faɗi, ƙafar gaba kuma ta sauko kamar turmi har dagi ba ta sirance ba. Tamata nauyinta a baya yake, siffarta kamar gora, kafaɗunta matsattsu, bakinta siriri, ƙafarta ta sirance dab da dagi. Dillalin shanu a kara zai gane wannan karatu nan da nan. Mai haƙuri yakan jira har dabbar ta yi fitsari, gama na namiji ta ƙarƙashin ciki yake fitowa, na tamata ta baya. Galibi namiji ya fi nauyi nesa. Tamata da yawa ba su wuce kilo 80 ba, amma a jihar Karolina ta Arewa an harbi namiji a 1998 mai kilo 399.

Duk da haka alamun nan ba su isa a dogara gare su ɗaya ɗaya ba. Tsohuwar tamata mai ƙiba takan yi kama da matashin namiji. Abin da ya fi muni, uwa takan kora 'ya'yanta su hau itace, ta fito fili ita kaɗai tana kiwo. Mai gaggawa ya gan ta, ya ce ai ba ta da kowa. A ganinmu wanda bai iya zama ya zuba ido na tsawon lokaci ba, yana duban itatuwan da ke kewaye, yana lura ko tana yawan waiwayen wuri guda, bai cancanci lasin ba, kome iya saitinsa. A jihar Montana ma sai mutum ya ci jarrabawar rarrabe baƙin beyar da babban ɗan'uwansa girizli, mai tozo da dogayen farata, wanda doka ta kare tun 1975.

Wani abin dariya: 'yar tsanar beyar da ake saya wa yara, wadda ake kira Tedi, daga farautar baƙin beyar ta samo suna. A 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya je farauta a Misisipi, aka ɗaure masa beyar jikin itace, ya ƙi harbi. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar Boone and Crockett a 1887, wadda take ajiye lissafin manyan namun daji. Ba da nauyi take auna beyar ba, gama nauyinsa na bazara da na kaka ba ɗaya ba ne. Tsawon ƙoƙon kai da faɗinsa ake haɗawa, sai ya kai inci 21 ya shiga babban littafinta. Wanda ya fi duka, inci 23 da ɗoriya, ba maharbi ya kawo shi ba, tsintarsa aka yi a jihar Yuta a 1975.

Bayan harbi, a wurare da yawa sai maharbi ya miƙa wa ma'aikatan daji wani ɗan ƙaramin haƙori da ke bayan fiƙa. Su yanka saiwarsa, su sa a madubin likita, su ƙirga zobban da ke ciki kamar na gungumen itace, kowane zobe shekara guda. A haƙorin tamata, shekarun da ta yi goyo zobbansu sukan fi matsewa, har a iya ƙirga sau nawa ta haihu.