Kwaɗayin mai ciki: Wanne ake biya, wanne ake kai wa asibiti?

A gidaje da dama na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, idan mai ciki ta ce tana marmarin wani abu ba a musu da ita. Ko tsire ne, ko kwaɗon zogale, ko ɗanyen mangwaro da gishiri, sai maigida ya fita nema. Hujjar da ake kafawa ita ce jikinta ne ke neman abin da ya rasa, ko kuma abin da ke cikin ne yake so.

Wannan kulawa abin yabo ce. Sai dai da wannan hujjar ce ake kawar da kai idan mace ta koma cin farar ƙasa, ko ɓantarar bangon ɗaki, ko taunar gawayi da ƙanƙara. A yankin da ƙarancin jini da tamowa suka yi katutu, bambance kwaɗayin da ake biya da wanda ake kai wa asibiti magana ce ta rai da mutuwa.

Daga ina kwaɗayi yake tasowa?

Yunwa daban, kwaɗayi daban. Mai jin yunwa zai ci tuwon da ya samu, amma mai kwaɗayi abu ɗaya tak ransa yake so, ko da cikinsa a cike yake. Abin yana farawa ne daga ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya ci abu mai zaƙi ko maiƙo ko gishiri ya ji daɗi, ƙwaƙwalwa tana riƙe ƙamshinsa da lokacinsa da wurin da aka ci shi. Gobe da ƙamshin ƙosai ya bugi hancinsa, sai sha'awar ta motsa.

Rashin isasshen barci da damuwa suna ƙara rura wannan sha'awa. A wajen mai ciki kuma, sauyin sinadaran jiki yana juya mata ƙamshi da ɗanɗano, har abin da take so jiya ya koma yana tayar mata da zuciya yau.

A 1994, masana a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka sun gwada wannan kan masu kwaɗayin cakulan. Wasu an ba su garin koko a cikin kafso su haɗiye, wato sinadaran sun shiga jiki ba tare da harshe ya ɗanɗana ba. Kwaɗayinsu bai kwanta ba. Waɗanda aka ba farin cakulan, wanda babu garin koko a cikinsa, sun fi samun sauƙi. Ashe baki ne ke nema.

Hankali ma zai nuna haka. Da kwaɗayi ma'aunin buƙatar jiki ne, da yaro mai ƙarancin jini wake da alayyahu zai riƙa yi wa kuka. Amma alawa da lemon kwalba yake miƙa wa hannu, kamar kowane yaro.

Inda jiki yake yin magana

Akwai 'yan wuraren da sha'awa take zama saƙo na gaskiya. Ƙishirwa ita ce ta farko, kuma wanda ƙishirwa da yawan fitsari suka dame shi dare da rana ya kamata ya auna sukarinsa. Na biyu shi ne matsanancin son gishiri a wasu cututtuka da ba a cika samu ba. A 1940 likitoci a Baltimore sun ba da labarin wani yaro ɗan shekara uku da rabi da ke cin gishiri da hannu saboda wata cuta da ke sa jikinsa zubar da shi, wanda ya rasu bayan an mayar da shi kan abincin asibiti na yau da kullum.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar matan arewacin Zamfara: sha'awar cin abin da ba abinci ba, kamar ƙasa da gawayi da ƙanƙara da ɗanyen sitaci. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara bincike 43, ya gano cewa yiwuwar samun ƙarancin jini ga masu wannan ɗabi'a ta ninka ta sauran mutane fiye da sau biyu. Likitoci sun daɗe da lura cewa mai yawan taunar ƙanƙara yakan daina idan aka ba shi maganin ƙarin jini, duk da cewa ƙanƙara ruwa ce kawai, babu sinadarin ayon a cikinta.

Wannan shi ne darasin. Ko a lokacin da jiki ya yi ƙararrawa, ba ya kiran maganin da sunansa. Matar da ke cin farar ƙasa wataƙila jininta ya yi ƙasa, amma farar ƙasar ba za ta ƙara mata shi ba. Hasali ma, laka tana iya riƙe ayon ɗin da ke cikin abinci ta hana hanji tsotse shi. Tana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki, tana kuma sa bayan gida ya yi tauri.

Zamfara ta san illar ƙasa

Babu jihar da ya kamata ta fi Zamfara tsoron ƙasar da ke shiga baki. A 2010, gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙurar da ta gauraya da ƙasar tsakar gida ce yaran suka riƙa kaiwa baki.

Waɗannan ƙauyuka suna da nisa da Shinkafi da Zurmi, amma farar ƙasar da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a kasuwa ba ta zuwa da takardar inda aka haƙo ta. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin farar ƙasar da ake kira nzu a kudancin Najeriya, bayan an sami dalma a cikinta. Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, kuma jikin da ya rasa ayon ya fi saurin tsotse ta.

Ƙarancin da ba ya kuka

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A ɓangaren yara 'yan wata 6 zuwa 59, Zamfara ce ta fi kowace jiha, da kashi 84 cikin 100. Yawancin waɗannan mata da yara ba su taɓa jin wani kwaɗayi na musamman ba. Abin da ake gani shi ne kasala da jiri da haki da farin ido.

A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 na da tamowa, kashi 5 kuma tasu ta yi tsanani. Wannan yanki ne na noma, wanda layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga a wancan zamani, amma yau 'yan bindiga sun raba dubban manoma da gonakinsu.

A wajen yaro mai tamowa, abin tsoro shi ne ɗaukewar sha'awar abinci. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke fara ba shi haɗin gyaɗa da madara su ga ko zai ci. Idan ya ƙi, kwantar da shi ake yi. Uwar da ke jiran ɗanta ya nuna abin da yake so kafin ta damu, tana iya makara.

Abin da ya kamata a yi

Kwaɗayin tsire ko tsami ko kwaɗo, a biya shi daidai ƙarfi ba tare da wuce gona da iri ba, musamman a gishiri da sukari. Kwaɗayin ƙasa ko gawayi ko ƙanƙara kuwa, amsarsa gwajin jini ce a wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ayon miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kowace rana, ta kuma ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki da gidan sauro duk suna kare jini.

A gida, gero da wake da gyaɗa da zogale da alayyahu da kifi da nama suna da amfani, kuma lemo ko gwaiba ko garin ƙwalaba suna taimaka wa jiki tsotse ayon ɗin da ke cikinsu. Shayi yana rage wannan tsotsa, don haka a ba shi tazara da lokacin cin abinci. Camfin hana yara da masu ciki ƙwai kuma ya isa a ajiye shi.

Mata da yawa suna ɓoye cin ƙasa saboda kunya. Ya kamata ma'aikatan awo a asibitocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su riƙa yin tambayar kai tsaye cikin ladabi, ba da tsawa ba. Ungozomomi da limamai da masarautun yankin suna da bakin da za a saurara. Magidanta kuma su sani kuɗin mota zuwa awo ya fi ƙullin farar ƙasa daraja.

Nauyi mafi girma yana kan gwamnatin Jihar Zamfara. Babu amfanin tura mace gwajin jini idan ƙaramin asibitin garinsu a rufe yake, ko babu kayan gwaji, ko ƙwayar ƙarin jini ta ƙare. Bai dace a bar wa ƙungiyoyin agaji na waje wannan aiki ba.

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Amma matar da ke ɓantarar bango a ɓoye ba zargi take buƙata ba. A auna jininta, a ba ta magani, a kuma sa mata abinci mai gina jiki a kwanonta.